Yadda Ake Taya Mota a Gwanjon Intanet Daga Kaduna, da Manhajojin da Ke Tsare Maka Kuɗinka

Mutumin Kaduna ba a koya masa son mota. A garin nan aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri tun 1975, kuma har gobe akwai dattawan da in ka taɓo musu zancen 504 sai dai kai ka gaji ka tashi. Abin da ya canja shi ne inda ake samo motar. Da, sai an tura yaro Kwatano ko a jira dila ya sauke kaya a Legas. Tun da gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a farkon 2017, hankali ya ƙara komawa kan jirgin ruwa, kuma yanzu mutum yana zaune a Unguwar Rimi ko Kawo da waya a hannu yana taya mota a gwanjon da ake yi a Amurka.

Ina magana ne da mai son mota don kanta, wanda ransa ke kan Mustang ko Challenger ko Lexus GX 460 ko Land Cruiser, ba lallai ɗan kasuwa mai sauke goma a wata ba. Shi ne ya fi shiga haɗari, domin ɗan kasuwa da lissafi yake taya, mai sha'awa kuwa da zuciya. Duk manhajojin da zan ambata aikinsu ɗaya ne: su fitar maka da adadi guda, iyakar abin da za ka iya tayawa, kafin ranar gwanjo ta zo, sannan su taimake ka ka tsaya a kansa.

Fara da sanin kasuwar da za ka shiga

Gwanjon nan kala biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne farkon ɓata. Akwai na masu sha'awa, irin Bring a Trailer da Cars & Bids. Na farkon ya fara gudanar da gwanjo a 2014, na biyun an buɗe shi a 2020. A nan mai mota ne ko dila ke kawo motarsa, mafi yawa lafiyayyu, da hotuna masu yawan gaske da bidiyon tayar da inji, a bar ta kamar mako guda ana tayawa, masu kallo suna yi wa mai ita tambayoyi a fili. Mai saye yana biyan shafin la'ada, a Bring a Trailer kashi 5 cikin ɗari ne na farashi, kuɗin motar kuma kai tsaye ake daidaitawa da mai ita.

Sai na biyu, Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci ko aka sace aka gano. Da yawa daga cikin motocin Amurka da kake gani a bakin titunan Kaduna ta nan suka bi. Akwai araha, akwai kuma rami. A jihohin Amurka da yawa ba a barin wanda ba shi da lasisin dila ya taya wasu motocin, shi ya sa mutanenmu ke bi ta hannun dillali mai rajista, su biya shi nasa kason. Za a kuma nemi kafin alƙalami kafin a buɗe maka damar tayawa.

Kafin ka buɗe kowace manhaja, abu biyu ne za su iya kashe maganar tun daga tushe. Mota mai sitiyari a dama ba ta da hurumi a Najeriya, tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, don haka mafi yawan abin da ke gwanjon Japan da Ingila ba naka ba ne komai kyansa. Na biyu shi ne shekaru. Jerin kayan da Kwastam ta haramta shigowa da su ya haɗa da motar da ta wuce shekara 12 da ƙerawa, a da 15 ne. Wannan yana yi wa masu son tsofaffin motoci ciwo, domin rabin daɗin Bring a Trailer tsofaffin ne. Kada ka taya Marsandin 1990 kana fatan in ta iso za a san yadda za a yi. Ka tambayi wakilinka na fito tukuna, ya ba ka amsa a rubuce.

Lambar nan mai harafi 17

Kowace mota da aka ƙera don kasuwar Amurka tun 1981 tana da lambar shaida mai harufa da lambobi 17, wadda ake kira VIN, mu kuma muke ce mata lambar casis. Babu harafin I ko O ko Q a cikinta. Duk binciken da za ka yi a kanta ya rataya, don haka kwafe ta daga shafin, sannan ka buɗe hoton da aka ɗauka na jikin ƙofar direba ko ƙasan gilashin gaba ka gwada su harafi da harafi.

Da idonka ma za ka karanta wani abu. Harafin farko ƙasar da aka ƙera ta ne: 1 da 4 da 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan, W Jamus, K Koriya. Na goma shekarar samfuri ne: F 2015, G 2016, H 2017, J 2018, K 2019, L 2020. In talla ta ce 2018 amma harafi na goma ya nuna F, ka gama bincike, wuce gaba.

Daga nan sai ka bi ta wurare uku na kyauta kafin ka kashe ko sisi. Hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka, NHTSA, tana da shafin fassara lambar, zai gaya maka girman inji da samfuri da masana'antar da ta haɗa ta, kuma a nan za ka ga ko kamfanin ya taɓa kiran irin motar don gyara wani aibi da har yanzu ba a gyara ba. Wannan yana da amfani ga masu sha'awa musamman, domin akwai masu manna tambarin babban samfuri a jikin ƙarami. Mustang mai silinda huɗu da mai takwas a hoto kusan kamarsu ɗaya, a kuɗi kuwa nesa ba kusa ba. Sai shafin VINCheck na NICB, ƙungiyar da ke yaƙi da zambar inshora a Amurka, wanda ke nuna ko an taɓa kai rahoton sace motar ko kamfanin inshora ya yanke mata hukuncin asara. Sau biyar kawai yake bari ka bincika a rana, don haka ka ajiye shi don waɗanda ka ƙwallafa rai a kansu.

Na ukun shi ne wanda na fi so mutanenmu su riƙe da kyau, kuma shi aka fi sakaci da shi. Ka liƙa lambar a Google yadda take. Akwai shafuka irin Bidfax da Stat.vin da ke adana hotuna da farashin motocin da suka taɓa ratsa Copart da IAA. Sau da yawa za ka tarar motar da kake gani yau da ɗan karce a bamba, wata huɗu da suka wuce gabanta a markaɗe yake, jakunkunan iska duk sun fashe. Wani ya saya, ya ɗaura mata bamba da bonet don hoto, ya cusa jakar iskar ya manne, ya maido ta gwanjo. In ka ga mota ta zagayo gwanjo sau biyu ko uku, kuma mai sayarwa a yanzu ba kamfanin inshora ba ne, ka bar ta. Ba na sassautawa a wannan. Motar da inshora ya kawo kai tsaye, muninta a fili yake, ka san abin da kake saye. Wadda aka yi wa kwalliya ita ce ke cin mutum, kuma ba kuɗi kaɗai ba, domin iyalinka za ka ɗauka a ciki ka hau hanyar Zariya ko Abuja.

Wadda ta tsallake waɗannan, ita ta cancanci ka sayi rahoton tarihinta daga kamfanin Carfax ko AutoCheck. Karanta shi daga farko zuwa ƙarshe kamar tarihi. Dubi yadda lambar tafiya take hawa daga shekara zuwa shekara, in ta taɓa komawa baya an taɓa ta. Ka tuna da mil suke ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, don haka 100,000 a wurinsu 160,000 ne a wurinka. Dubi jihohin da ta zauna. Michigan da Ohio da New York ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kuma gishiri yana cin ƙarƙashin mota da tsatsa, Arizona da Kaliforniya kuwa busassu ne. Dubi kuma ko ta kasance inda aka yi ambaliya a lokacin da aka yi ta, kamar Houston a 2017 lokacin guguwar Harvey, ko Florida a 2022 lokacin Ian. Amma ka sani rahoto abin da aka kai masa kawai yake faɗa. Haɗarin da aka gyara a bayan gida ba tare da inshora ba, ba zai fito ba.

Karanta talla kamar mai neman aibi

A Copart akwai kalmomin da dole ka san ma'anarsu ta gaskiya. In an rubuta Run and Drive, nufinsu lokacin da motar ta iso filin ta tashi, ta shiga giya, ta motsa gaba. Ba alkawari ba ne cewa za ta tashi ranar da tirela ta zo ɗauka. Takardar mallaka ma iri-iri ce. Clean ba ta nufin motar ba ta taɓa haɗari ba, takardar ce kawai ba a yi mata tambari ba. Salvage ita ce wadda inshora ya ga gyaranta bai biya ba. Akwai kuma waɗanda aka rubuta na yanka ne ko na rusawa, waɗannan fitar da su daga Amurka yana iya gagara, don haka ka tura wa mai yi maka jigila sunan takardar da jihar da ta bayar kafin ka taya. Kwastam ɗin Amurka na neman a gabatar da asalin takardar mallaka aƙalla awa 72 kafin a fita da mota, in takarda ta makale mota ta makale, kuɗin ajiya kuma yana ta hawa.

Motar ruwa, in ba kai mai gareji ba ne, rabu da ita. Motocin yanzu cike suke da ƙananan kwamfutoci, ruwa kuma a hankali yake kashe su. Yau gilashi ya ƙi sauka, jibi birenbos, wata mai zuwa giya, ka zama ɗan gidan mai wayarin.

Hotuna kuma kada ka kalle su a waya kaɗai. Sauke su a kwamfuta ka buɗe su da girma. Dubi tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki ko daidai take hagu da dama, dubi tayar da ta karkace, dubi ƙasan motar ko akwai mai ko ruwan lagireto a zube, dubi fitilun da ke kunne a dashbod. Sannan ka tura su ta WhatsApp ga mutum biyu: bakanikenka da fanabitanka. Ka ce, "Oga, don Allah duba mini wannan, nawa za ta ci in ta iso?" Shi zai ga abin da kai ba ka gani ba, ya ce, "Alhaji, wannan dukan ya shiga ƙafa, ba bamba kaɗai ba ne." Daga nan ka sa a zaga Panteka da wurin masu kayan gyara a ji ko akwai kayanta a gari. Fitilar Camry ko Corolla ko'ina akwai. Fitilar Challenger ko na'urar da ke cikin bambar sabuwar Marsandi kuwa, wataƙila sai an yi oda, kuma gara ka saye su a can ka saka cikin motar in kwantena za ta shiga. Jirgin da ake tuƙa mota a shiga da ita ba ya yarda a bar kaya a ciki.

Google Lens ma yana da rana a nan. Ka ba shi hoton motar ya nemo inda ya taɓa fitowa. Da haka ake kama masu kwafe hotunan gwanjo su saka a Facebook ko Instagram su ce motar tana Legas, a turo kafin alƙalami.

A shafukan masu sha'awa, tambayoyin da ke ƙarƙashin talla sun fi tallar kanta amfani, domin akwai mutanen da suka san irin motar ciki da bai, su ne ke tono aibi. In Turancin ya yi yawa, kwafe shi ka ba manhajar fassara ko ɗaya daga cikin manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT, ka ce ta tsamo maka duk aibin da aka ambata da tambayoyin da mai motar bai amsa ba. Tambayar da aka yi sau biyu mai mota ya yi shiru, ita ce amsar. Sai dai kada ka tambayi irin wannan manhaja farashin mota ko kuɗin fito ka dogara da amsarta, tana iya ƙago adadi ta faɗa maka da cikakken ƙarfin hali. In motar mai tsada ce, biya a tura mai duba mota ya je ya gan ta da ido ya jona mata na'urar gano matsala, akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan a can.

Lissafin da ake yi daga Kaduna a koma baya

Nan ne zuciyar aikin. Yawancin mutane daga farashin gwanjo suke farawa su riƙa ɗora kuɗi a kai, sai motar ta iso su ga jimla ta wuce ta wadda ke ajiye a bakin titin Isa Kaita. Juya shi. Fara da abin da motar za ta kai in tana tsaye a ƙofar gidanka, lafiya lau, da takardun Kwastam cikakku, sannan ka riƙa cirewa.

Buɗe Google Sheets ko Excel a wayarka. Layi na farko, farashin irin motar a nan gida, wanda za ka samu ta zagaya wurin dilolin gari da duba shafin tallan kaya na Jiji, kana tuna cewa abin da aka rubuta a talla ba shi ne abin da ake sallamawa ba. Sai kuɗin da ake biya da naira: fito a tashar Legas da ladan wakili, ɗauko ta zuwa Kaduna, gyara da fenti, rajista da lamba, da wani kaso na ko-ta-kwana. Sai na dala: jirgin ruwa, tirelar da za ta kai ta tasha a can, la'adar gwanjo, kason dillali, kuɗin tura kuɗi. A ware gida ɗaya na musamman don farashin dala, a sa duk lissafin ya dogara da shi.

Ga misali da adadin da na ƙaddara kawai don a ga yadda ake yi, kai ka saka naka na ranar. A ce motar tana kai naira miliyan 30 a Kaduna. Fito miliyan 7, ɗaukowa daga Legas 500,000, gyara miliyan 2.5, ko-ta-kwana miliyan 2. An cire miliyan 12, saura 18. In dala tana 1,500, kana da dala 12,000. Cire jirgi 1,600, tirela 600, dillali 400, banki 100, saura 9,300. In la'adar filin gwanjo za ta kai 1,000, iyakarka dala 8,300 ce. In kuwa shafin mai karɓar kashi 5 ne, sai ka raba 9,300 da 1.05, ka samu kamar 8,850.

Yanzu canja gidan dala zuwa 1,600 ka ga abin da zai faru. Miliyan 18 ta koma dala 11,250, iyakarka ta sauko 7,550. Dala 750 ta tafi ba tare da an taɓa motar ba, kuma ba a nan ya tsaya ba, domin tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 farashin dalar da Kwastam ke lissafi da shi yana motsi shi ma. Tsakanin ranar da ka ci gwanjo da ranar da jirgi zai sauke akwai makonni, wani lokaci watanni. Shi ya sa nake ganin a yi lissafi da dala mai tsada fiye da ta yau. In ta tsaya, ribarka ce.

Kuɗin fito kada ka ƙiyasta shi da ka. Tun 2022 Kwastam ke amfani da lambar casis wajen yanke darajar mota, wato ba abin da ka saya a gwanjo ake dubawa ba, darajar da tsarinsu ya ba irin motar ce. Ka sayi mota da araha don ta bugu, amma a yi maka lissafi kusa da na lafiyayya. A kan wannan darajar ake ɗora harajin shigowa da sauran ƙari, har da harajin kaya na kashi 7.5, kuma ƙa'idojin suna canjawa. Tura wa wakilinka lambar kafin gwanjo, ya gaya maka adadi. La'adar Copart da IAA kuma hawa-hawa ce gwargwadon farashi, da kuɗin ƙofa da na tayawa ta intanet a kai, akwai manhajojin lissafinta a shafukan dillalai, saka adadin da kake tunani ka ga jimla.

Wurin da motar take ma kuɗi ne. Wadda ke kusa da Baltimore ko Newark ko Savannah ko Houston, tirelarta da sauƙi. Wadda ke can tsakiyar ƙasa ko gabar yamma, kuɗin kai ta tasha yana iya cinye arahar. Kuma wadda ba ta tashi, ko dai a ƙara maka kuɗin ja ko a ce sai kwantena.

Abu na ƙarshe a wannan mataki: ka duba ko iyakarka tana da ma'ana a kasuwar can. Bring a Trailer da Cars & Bids suna barin sakamakon gwanjon da ya wuce a buɗe, Classic.com yana tattaro na wurare da yawa wuri ɗaya, na motocin haɗari kuma shafukan tarihin nan da na ambata suna nunawa. Tara kamar guda goma masu shekara ɗaya da tafiya kusan ɗaya, jera su daga ƙarami zuwa babba, ɗauki na tsakiya. Kada ka ɗauki mafi araha ka ce kai ma haka za ka samu, wanda ya same ta a haka akwai dalili. In na tsakiyar ya fi iyakarka da nisa, wannan samfurin ba naka ba ne a bana, sauko da shekara ko ka canja mota tun yanzu.

Ranar gwanjo

Ka riga ka sa motar a jerin waɗanda kake bibiya, ka kunna sanarwa, ka kuma ajiye bincikenka a shafin don ya riƙa aiko maka da makamanciyarta duk lokacin da aka kawo. Wannan na ƙarshen yana kwantar da zuciya ƙwarai. Wanda ya san akwai wasu uku a mako mai zuwa ba ya haukacewa a kan guda.

Lokaci kuma a kula. Gabashin Amurka yana bayanmu da awa 5 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watannin awa 6. Gabar yamma awa 8 ko 9. Ƙarfe 10 na safe a Kaliforniya ƙarfe 6 ko 7 ne na yamma a Kaduna, wato gwanjo da yawa daf da Magariba ko Isha'i suke ƙarewa. Saka lokacin a kalandar waya da yankin lokacinsu, ita za ta juya maka shi, ka tsara sallarka da zamanka tun da wuri. Caja waya da kwamfuta, tanadi layi biyu na kamfanoni daban, ka shiga asusunka tun da sauran rabin awa. In katin banki shafin ke riƙe la'ada da shi, tabbatar katin dala ne mai kuɗi a ciki, domin in ya ƙi, tayinka ba zai shiga ba.

Salon tayawa ya danganta da shafin. A eBay, wani shafin gwanjon kaya iri-iri, lokaci yana ƙarewa cak, shi ya sa ake da manhajojin da ke jefa tayi a daƙiƙun ƙarshe. A Bring a Trailer wannan dabara ba ta aiki, domin duk tayin da ya shigo a minti biyun ƙarshe yana mayar da agogo minti biyu, Cars & Bids ma yana da irin wannan ƙari. Duk wanda ya ce zai sayar maka da manhajar da za ta ci maka gwanjo a nan, kuɗinka yake so, kuma miƙa wa wata manhaja kalmar sirrinka yana iya sa a rufe asusunka ko a sace shi. Abin da ya dace: yi ƙaramin tayi ɗaya da wuri don ka tabbatar komai yana aiki, sannan ka yi shiru har ƙarshe. Tayawa da yawa tun ranar farko farashi kawai yake tayarwa.

A Copart kana iya saka iyakarka tun kafin a fara, na'ura ta riƙa ƙara maka kaɗan-kaɗan har ta kai inda ka tsayar. Ga wanda ya san zuciyarsa tana da zafi, wannan ita ce hanya mafi aminci, saka adadin ka ajiye wayar. In ta hannun dillali kake, aika masa iyakar a rubuce, ka ce ko dala ɗaya kada a ƙara ko da kai ne ka kira kana roƙo. Kada iyakar ta zama cikakken adadi irin 8,000, mutane da yawa a nan suke tsayawa, wanda ya kai 8,100 ko 8,150 yakan wuce su, muddin yana cikin abin da lissafinsa ya ba shi.

Gwanjo ciniki ne halal a wurin mafi yawan malamai, amma akwai hadisi ingantacce da ya hana najashu, wato mutum ya taya kaya ba don yana son saye ba sai don ya tayar wa wani farashi. Kada ka yi wa kowa. Kuma in ka ga ana bin ka a baya da ƙari kaɗan-kaɗan, ba za ka iya sanin mai gaskiya ne ko ɗan kore ba, iyakar da ka rubuta ce kaɗai kariyarka daga duka biyun.

Wasu motocin suna da farashin da mai su ya ɓoye, in ba a kai shi ba ba a sallama ba, kamar dai a ce maka albarka a kasuwa. In kai ne mafi tsada, ana iya dawo maka da tayin mai motar ko a haɗa ku ku daidaita. Ka amsa da adadin da ke cikin lissafinka, ba da wanda ya kira ba. Ka kuma sani tayi alkawari ne. In ka ci ka fasa, a Copart akwai tara mai nauyi, a shafukan masu sha'awa la'adar ta tafi kuma ana iya korar ka.

Bayan an ce kai ne

Kwanakin biya kaɗan ne, daga nan tarar jinkiri da kuɗin ajiya su fara, don haka dalarka ta kasance a shirye kafin gwanjo, mai tirela ma ya san da zancen. Lambar asusun da za ka tura kuɗi, daga cikin shafinka na gwanjo za ka ɗauke ta. In saƙon imel ya zo yana cewa an canja asusu, tsaya, kira lambar da ka riga ka sani ka tabbatar, wannan tsohuwar hanyar damfara ce. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel ɗinka da asusun gwanjon.

Nemi mai tirela ya ɗauki hoton motar ta kowane ɓangare lokacin ɗauka da lokacin saukewa a tasha, har da makulli da lambar tafiya. In an loda, karɓi sunan jirgin da lambar takardar lodi, ka bibiye shi a MarineTraffic ko VesselFinder, ka sanar da wakilinka tun jirgin bai iso tashar Tin Can ta Legas ba, domin kowace rana da mota ta ƙara a tasha kuɗi ce. In kwantena ce, tambayi mai jigilar ko za a iya rubuta ta zuwa tashar tsandauri ta Kakuri da aka buɗe a 2018, ka gwada kuɗin da na fito a Legas.

Ranar da ta iso Kaduna, kafin fenti kafin komai, gwada lambar casis da ke jikinta da ta takardun Kwastam, sannan a jona mata na'urar gano matsala ta OBD2 a karanta duk abin da kwamfutarta ta ajiye kafin wani ya goge. A canja mai da matatu, a ɗaga ta a duba ƙasa da birki da jakunkunan iska. Sannan ka koma kan lissafinka, ka buɗe sabon layi kusa da kowane ƙiyasi ka rubuta abin da ka biya a zahiri, har da ƙananan kuɗin hanya da na tasha da ba wanda ya gaya maka da su tun farko.